Kawu Mai Rage Ƙarfe

Ranar da Kawu ya rasu, tsofaffin direbobi ne suka fi kowa cika ƙofar gidansa a unguwar Gobarau ta Katsina. Ni ina ciki tare da mata, amma tagar ɗakin da aka zaunar da ni tana kallon lungu, don haka duk abin da ake faɗa a kan tabarmi yana shigo mini. Wasu daga Batagarawa suka taso, wasu daga Jibiya. Kowa ya iso sai ya yi gaisuwar da aka saba, ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta. Da zarar ya sami wuri ya zauna kuma, sai hirar ta koma ta mota.

Na ji wani yana cewa, "Bodin da ya yi mani, har na rabu da motar bai taɓa tsagewa ba."

Wani tsoho mai rawar murya ya amsa, "Yo ni ai hwaɗa muka yi da shi. Na je an ƙara mani ƙarhe a sama, ya tare ni bakin tasha ya ce kada in ƙara ce ma kowa shi ya yi motar. Sai da na aurar da ɗiyata sannan ya zo muka gaisa." Aka yi 'yar dariya. Shi tsohon bai yi ba, na ji yana fyace hanci.

A ciki Umma ce, mahaifiyata, ƙanwar Kawu uwa ɗaya uba ɗaya, take ta karɓar gaisuwa idonta a bushe. Can aka miƙo mata kofin ruwa, ta riƙe shi a hannu ta ƙura masa ido. Ta ce da Yaya ne da sai ya ɗaga kofin nan sama da ƙasa ya ce ya cika nauyi. Matan suka yi dariya, don kowa ya san halinsa. Kafin dariyar ta ƙare Umma ta ajiye kofin ta kifa kanta a gwiwa.

Ni kuwa ban da baƙin cikin da kowa ke ciki, akwai nawa na daban. Ciwon shan inna ya tafi da ƙafafuna tun ban iya magana sosai ba. Keken hannu ne ƙafata, irin wanda ake juya fedarsa da hannu biyu, kuma Kawu ne ya ƙera mini shi, shi ke gyara shi tun ina yarinya har yau da nake da furfura. Da shi nake zuwa makarantar da nake koyarwa, da shi nake zuwa kasuwa da barka da gaisuwar mutuwa, ba mai turawa, ba mai jira. Yana jingine a zaure a ranar, mata na ratsa shi suna wucewa. Ina amsa "ya haƙuri", zuciyata na tambayata wa zai riƙe mini shi yanzu.

Sana'ar Kawu ƙera bodin mota ce. A kawo masa babbar mota tsirara, kai da shasi da tayoyi kawai, shi zai gina mata bayan da za a zuba kaya, na shanu ko na buhunan hatsi ko na 'yan cin kasuwar ƙauye. Da katako ya fara, da zamani ya juya ya koma ƙarfe, a garejinsa na hanyar Batagarawa. Masu wannan sana'a ba su yi ƙaranci a Katsina ba. Abin da ya ware shi daban, kowa yana ƙarawa shi yana ragewa. Mutanenmu in sun ƙwanƙwasa abu suka ji kauri, to hankalinsu ya kwanta. Shi kuwa kauri ba ya burge shi ko kaɗan.

"Ƙarhe ma kaya ne," in ji shi. "Kai sau ɗaya ka ɗaga shi ka liƙa. Ita motar har ta mutu tana jan shi, da lodi da ba lodi."

Ƙarfin bodi a ƙasa yake ajiye shi, wurin da nauyi ke sauka. Gefe ya sa mai sauƙi, sama kuwa kusan ba komai, don kada mota ta yi nauyin kai ta kife a kwana. Inda wani zai sa sandar ƙarfe shi bututu yake sawa, sai ya tokare shi a gicciye da wani siriri. Kuma ba ya ɗaure bodi tamau. Yakan ce hanyoyinmu ba su da mutunci, bodin da ya ƙi rusuna musu sai sun karya shi. Direbobi da yawa sun juya sun tafi saboda wannan, bai taɓa bin kowa da ban haƙuri ba.

Halin nan har gida yake biyo shi. Buta, ludayi, fitila, sabon takalmin baƙo, duk abin da ya faɗo hannunsa sai ya jijjiga shi ya ji nauyinsa. In aka yi haihuwa aka miƙa masa jariri ya yi addu'a, iyayen jego suna sane da cewa kafin Fatiha sai an auna musu ɗa. Matarsa, wadda muke kira Hajiya, ta taɓa ɓoye turminta a ɗakin maƙwabta don ta ga yana yi masa wani irin kallo.

Ni a bayan Umma na yi ƙuruciyata, har na yi mata nauyi. Da aka ga goyon ya gagara, Baba ya sayo mini keken guragu a kasuwa, sabo fil, baƙi wuluk, kowane ƙarfensa ya yi kaurin hannuna. An yi murna a gidanmu. Sai dai ko motsa shi ban iya ba, dole a sami mai turawa, kuma mai turawa yana da nasa uzurin. Sau da yawa nakan shirya da allona in zauna a zaure har a taso daga makaranta.

A haka Kawu ya same ni wata rana. Ya ɗaga gaban keken ya dire, ya dubi Baba.

"Wannan ai amalanke ce ka sawo mata. Ina jakin?"

Baba bai ji daɗi ba, amma surukin da ya girme ka ba a mayar masa da magana. Kawu ya sa aka kawo bokiti da igiya, ya rataya a reshen dalbejiyar tsakar gida, ya ce in ja. Yana zuba yashi kaɗan kaɗan yana kallon kafaɗuna, har ya ga inda na fara cije leɓe. Ya kwance bokitin ya tafi da shi da yashinsa. Daga baya na gane cewa da ƙarfin hannuna ya fara awo, kafin ya taɓa ko da ƙarfe ɗaya. Washegari aka gan shi yana bin lungunmu da zare yana auna faɗin ƙofofin zaure, na gidanmu da na makarantar allo da na gidan kakata, har maƙwabta suka fara tambaya ko hukuma ce ta aiko shi.

Keken da ya kawo abin dariya ne a ido. Bututunsa sirara, kujerar katako da igiya, ko fenti bai yi masa ba, wai fenti ma yana da nauyinsa. Umma ta ce wannan ko iska ta taso ai tafiya za ta yi da shi. Ya ɗora ni a kai, ya ja da baya ya harɗe hannu. Na juya feda sau ɗaya, sai ga ni a tsakiyar lungu. Ban taɓa sanin cewa mutum yana iya barin wuri don kawai ya ga dama ba sai ranar. Na yi ta tafiya har sai da na ji Umma tana ƙwala mini kira, shi kuma yana ce mata, "Ƙyale ta, ta san hanyar gida."

Ba zan ce Kawu bai taɓa kuskure ba, don tabon kuskurensa yana goshina. Wata damina, ina budurwa, na faɗa wani rami da ruwa ya rufe, bututun ƙarƙashin kujera ya ɓalle gida biyu. Na kifa cikin lambatu, goshina ya fashe, hannuna ya goce. Babban ɗan Kawu, wanda nake kira Yaya Babba, shi ya tsamo ni, yana hanyarsa ta zuwa gareji. Ya kinkime ni har gida, jinina ya ɓata masa riga, yana tafe yana salati.

Ranar Umma ta manta da girma. Ta tare yayanta a tsakar gida gaban kowa.

"Da ɗiyata kake gwaji? Ƙahwa babu, hannun ma so kake ka raba ta da shi? Mi ƙarhe ya yi maka da kake rowar shi haka?"

Kawu ya tattara guntayen keken ya fita. Hajiya ta ba mu labari daga baya cewa abinci ma sai da faɗa yake ci, yana zaune da karyayyen bututun yana juya shi, yana shafa bakin karayar da yatsa. Kowa ya ɗauka wannan karon zai saduda ya zuba ƙarfe. Da ya dawo da keken, tokari ɗaya kawai ya ƙara a ƙarƙashin kujera, bai fi kaurin yatsa ba. Don ya rama nauyinsa kuma ya cire matakin ƙafa na ƙarfe ya sa na katako. Umma ta duba ta ce wannan mutum ba ya jin magana, ta shige ɗaki. Ba ta sake yi masa magana ba sai da Sallah ta zo. Ni ya tsuguna gabana ya ce, "Ɗiyata, laihina ne, na rage inda ba a ragewa. In kina tsoro ki hwaɗa mani." Na ce ina tsoro. Ya ce shi ma haka. Wurin bai sake karyewa ba.

Nawa faɗan da shi ya zo bayan na fara koyarwa. Rana tana gasa ni a hanya, sai na sa wani mai walda kusa da makaranta ya yi mini rumfa ta kwano a saman keken. Na ji daɗinta ƙwarai, har na je gaishe da Kawu don ya gani. Ina "ina wuni" yana kallon rumfar. Bai gama amsa gaisuwar ba ya miƙa hannu aka ba shi zarto. Ina zaune a ciki ya fara yanka.

Na ce, "Kawu, ni rana ke duka hwa, ba kai ba!"

Ya ce, "Babbar mota ta wuce ki da gudu, iskarta ta kama kwanon nan, ina za ki kwana?"

Na ce ko ina ne ai ni zan kwana. Ina da baki, ban musa ba, a wajensa na gado. Na juya na tafi ko sallama ban yi ba, ina kuka don haushi. Ba a jima ba aka aiko mini da wata rumfa ta tamfol da sandunan sanholo marasa nauyi, mai naɗewa kamar lema. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba. Da muka haɗu cewa kawai ya yi, "Tana tare ranar?" Na ce tana tarewa, muka shiga wata hirar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda bai taɓa faɗa ba. Shekaru suna tafiya, kafaɗuna suka fara gajiya, haihuwa da girma suka ƙara mini jiki. Duk sanda na kai keken gyara, ko da burki ne kawai, sai in ji ya dawo ya fi da sauƙin juyawa. Na daɗe ina ɗauka mai yake zuba wa sarƙa. Ashe tsayawa yake a bakin gareji yana kallon yadda nake isowa, in ya ga ina haki sai ya nemi abin da zai cire. Yau ya huda wani ƙarfe, gobe ya canza taya da mai sauƙi, jibi ya yanke kan noti da ya yi tsawo. Ƙarfina yana raguwa yana binsa yana rage keken. Shi ya sa ban taɓa jin na tsufa ba. Mutane suna gaishe ni da ya gida ya yara, shi gaisuwarsa ɗaya ce: "Ya kahwaɗa?"

Da idonsa ya yi rauni ya bar wa Yaya Babba garejin, amma kekena bai bar wa kowa ba. Da hannu yake bin sa yana lalube, gaɓa gaɓa, sai ya nuna wuri ya ce a ɗan taɓa nan, kada a wuce nan. Yaya Babba yana riƙe da abin walda yana bin umarni, ransa ba ya so. Na sha jin yana cewa, "Baba, a ƙara mashi ko kaɗan mana." Kawu ya ce, "Kai za ka juya shi?"

Zuwana na ƙarshe yana kwance, muryarsa ta shige. Na gaishe shi, ya lalubo hannuna ya matsa tafin, inda feda ta yi mini kanta. Ya ce da kaina na zo ko kawo ni aka yi. Na ce da kaina. Ya ce, "To madalla." Sai ya ƙara cewa in riƙa duba iskar tayar hagu. Ranar Juma'a bayan la'asar Allah ya karɓi abinsa. Daga gare Shi muke, gare Shi za mu koma.

Na zauna na rubuta wannan ne don na ga irin aikinsa ba ya barin alama. Mai gini ana nuna gininsa. Motocin Kawu kuwa sun tsufa an yanka su, abin da ya fi ƙwarewa a kai kuma shi ne ƙarfen da bai sa ba, wannan ba wanda zai gani. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci, ya saka masa da alherin kowace tafiya da na yi ban roƙi kowa ba.

Bayan an watse zaman makoki, Yaya Babba ya zo gidana ya ce in ba shi keken a duba. Na ba shi, na koma shiga kurkura, babur ɗin haya mai taya uku, zuwa makaranta, ana ɗaga ni ana saukewa. Ya ɗan daɗe a wurinsa. Ranar da aka dawo da shi ba shi kaɗai ya zo ba, duk ma'aikatan garejin suka biyo shi, kowa ya yi wanka ya sa fararen kaya. Suka shigo da keken tsakar gida su biyu suna ɗauke da shi. Ya sha fenti shuɗi yana ƙyalli, an yi masa kujerar soso.

Yaya Babba ya tsuguna yana nuna mini. Sun canza bututun gaba ɗaya da mai kauri. Sun shimfiɗa farantin ƙarfe a ƙarƙashin kujera. Tayar gaba ta babur ce. Har akwatin ƙarfe mai makulli sun yi mini a baya don littattafan yara. Kowa a garejin ya sa hannu, in ji shi, ba wanda aka roƙa.

"Ƙanwata, tun ranar da na tsamo ki cikin lambatun nan ban ƙara samun natsuwa da keken nan ba. Da Baba shina nan, shi ya san inda zai taɓa. Ni wallahi ban sani ba. In na rage inda ba a ragewa, wani abu ya same ki, mi zan ce mashi? Wannan kuwa ko mota ta buge shi, ita za ta ji jiki."

Idonsa ya cika da hawaye, na sauran ma haka. Na tambaye shi tsofaffin bututun, ya ce an yayyanka su wajen cirewa, sun bi tarkacen da ake kwashewa. Na dubi mutanen nan da fararen kayansu, marayu kamata, sun yi mini abin da suka iya da zuciya ɗaya. Na ce na gode, Allah ya bar zumunci. Muka yi wa Kawu addu'a suka tafi.

Da safe na shirya na hau. Fita daga lungu ma sai da na haɗa da haƙori, amma na ce sabo ne, zai saki. A kan kwalta ya ɗan tafi. Akwai wani wuri kafin a kai kwanar makarantarmu da titin ya ɗan ɗaga saboda kwalbati, ɗagawar da mai ƙafa ba zai ma lura da ita ba. Ni kaina shekara da shekaru ina wucewa ban san da ita ba. Ina kaiwa tsakiyarta feda ta tsaya cak. Na danna da duk abin da nake da shi, kafaɗata ta amsa har cikin wuya, keken ya fara ja da baya. Na damƙe burki. Masu babura suna ratsa ni suna hon, ɗalibaina suna wucewa suna "ina kwana Malama", ina amsawa kamar hutawa na tsaya yi.

Na sake gwadawa, bai motsa ba. Sai na ji an dafa bayan kujerar. Wani bawan Allah ne da ban sani ba, dattijo da buhu a kafaɗa, ya ajiye buhunsa a gefen titi.

"Sannu baiwar Allah. Saki burkin, na riƙe."

Na saki. Keken ya fara tafiya, feda tana juyawa ita kaɗai a gabana. Hawaye suka zubo mini, ya ɗauka ciwo ne, yana ta yi mini sannu. Da muka haye bai sake ni ba, ya sunkuyo ya ce, "Ina za a kai ki?"

Na faɗa masa sunan makarantar, na sauke hannuwana a cinya.